Mai shago ya ɓata hoton mahaifina, ko zai gyaru?

Tambaya: Assalamu alaikum. Hoto ɗaya tak nake da shi na mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda aka ɗauka da waya ranar Sallah a gindin dogon yaro, fuskarsa ta fito da duhu. Na kai wa wani mai shago ya haska shi, sai ga aikin babbar rigarsa ya ɓace, fuskar kuma ta koma kamar an shafa mata toka. Hankalina ya tashi ƙwarai. Daga wata 'yar'uwa a Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba, ya kai haske kabarinsa. Malama, ki fara neman hoton na asali, ko a wayar da aka ɗauka da ita, ko a Google Photos, ko wurin wani ɗan'uwa da aka taɓa tura wa, domin daga shi za a sake aikin.

A hoton JPEG, wato irin wanda waya ta saba adanawa, kowane ɗigo daga cikin ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoton yana ɗauke da ja da kore da shuɗi, kowannensu daga 0 zuwa 255. Farar shadda dama tana dab da ƙarshen ma'aunin, don haka idan aka ƙara wa hoton haske baki ɗaya, zaren aikin da yadin rigar duk sai su tsaya a 255, su zama abu guda. Da zarar an adana shi a haka, rage haske ba zai dawo da aikin ba, farin ne kawai zai dusashe.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka mayar da gyaran hoto ya zama farar fata. Kusan kullum sai an kawo mini hoton amarya ko na ɗan takara wanda wani yaro mai kwamfuta ya ja ma'aunin haske har ƙarshe, ya goge ƙurjin fuska da tsagar gado, ya karɓi kuɗi yana kiran kansa ƙwararre. Fatarmu tana da ja da ruwan ƙasa a cikinta, kuma inuwar da ke gefen hanci da ƙarƙashin kumatu ita ce ke ba fuska kamanninta. Idan aka wanke wannan inuwar, mutum ya tashi daga kansa, har danginsa su yi ta ƙura ido kafin su gane shi. Masu kai aikin ma da laifinsu, tunda da yawa ba sa yarda an yi aiki sai sun ga sun yi fari. Yanzu kuma an ƙaro manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke zana ido da haƙora daga hasashe; kada ki bari a saka hoton Baba a cikinsu, domin fuskar da za ta fito ba lallai ta zama tasa ba.

Idan asalin ya samu, a yi aiki a kan kwafinsa. A Snapseed, manhajar gyaran hoto ta waya wadda kyauta ce, a ɗaga Shadows (ma'aunin wuraren duhu) kaɗan-kaɗan, a sauke Highlights (ma'aunin wuraren haske) domin a tsare rigar, sannan a haska fuskar ita kaɗai da Selective (mai gyara wuri ɗaya kawai a hoto), a tsaya da zarar ɗige-ɗige sun fara bayyana. Inuwar ganye takan sa fata ta yi kore-kore, sai a daidaita launin har rigar ta koma fara sol. Wanda zai turo miki ta WhatsApp kuma ya turo shi a matsayin fayil, saboda turawar da aka saba tana matse hoto, ta rage masa inganci.