Amsar Kawu kan tafiyarka dutsen ƙanƙara

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, ban amsa ba ne don ba irin tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce, sai yau bayan la'asar na samu zama. Kace 'yan ajinku a Liyon ta Faransa sun shirya tafiyar sati guda a watan Afrilu zuwa Val Thorens, wani gari a kan tsaunukan ƙasar, za ku je wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, ku shida, kuma duk cikinku ba wanda ya taɓa taka garin. Tambayarka wai a al'adarmu dole ne sai ka nemi izinin gida alhali ka girma kuma kana wata uwa duniya, sannan ko zuwa irin wannan wasan zai sa a ce ka zama Bature.

Bari in fara sallamar ta biyun don ba ta da tsawo. Al'ada ba ta hana wasa ba. Mu da muka tashi da langa da kokawa, muna zamewa a kan dutse da fasasshiyar jarka har wando ya yage a ci duka a gida, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda samari ke sakin linzami ranar hawan sallah ai ba zai kira zamiya ganganci ba. Ka je abinka. Bature ba a kan dutse ake zama shi ba.

Ta farkon ce mai magana. Kai ka kira shi neman izini, mu sallama muke cewa, kuma ba ɗaya ba ne. Yaro ne ke neman izini, babba sallama yake yi, amma Bahaushe ko kasuwar ƙauyen gaba zai je ba ya fita kamar ɓarawo, sai ya leƙa ya ce toh ni na tafi, a ce Allah ya kiyaye hanya, Allah ya sa a dawo lafiya. In tafiyar mai nisa ce a yafi juna. Ba don a hana ka ba ne, don a san inda kake ne, a kuma bi ka da addu'a. Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayo goro, tafiyar watanni a ƙasa da jakuna, ba wanda yake ɗaura kaya bai zaga dangi ba. Kuma ayari bai taɓa tashi haka kawai ba, akwai madugu, akwai jagaba wanda ya san hanya da rijiyoyi da inda ake yada zango, in an isa kuma akwai mai masauki ɗan gari da zai tsaya maka. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a saƙonka wallahi, ba maganar izini ba. Ku shida ba jagaba. Sai da ɗan gari fa akan ci gari.

Na san mamanka, ƙanwata ce, tun tana goye na san ta, in ka ce mata dutse da ƙanƙara a jimla ɗaya ba za ta yi barci ba, shi yasa kake so ka tafi shiru ka dawo shiru. Kar ka yi. Ranar da ta ga hoto a Facebook a wajen wani, ranar za ka gane fushin ya fi na hanawa. Ka faɗa mata, amma ka faɗa da tsari: sunan gari, ranar tafiya da ranar dawowa, lambar mutum ɗaya cikin abokan tafiyar, da cewa akwai malamin koyarwa. Hankalin uwa tsari ne ke kwantar da shi ba rantsuwa ba.

Yanzu bari in ba ka labarina, don ni ma na yi. Lokacin ina karatu a Grenoble, garin da aka yi gasar Olamfik ta hunturu a 1968, har lokacin mutanen garin ba su gama alfahari da Jean-Claude Killy ba, wanda ya ci zinare uku a tsaunin Chamrousse da ke saman garin. Toh can wani ɗan ajinmu ya ja ni wata Asabar a ƙarshen Maris. Ya tambaye ni ko na iya, ni kuma kunya ta hana ni cewa ban taɓa sa katakon zamiyar a ƙafa ba, sai nace eh toh kaɗan kaɗan. Wannan kaɗan kaɗan ɗin ita ta kai ni saman dutse a kan kujerar nan mai tafiya a jikin waya, da wandon jins, ba tabarau, ba safar hannu ta kirki. Da muka sauka na leƙa gangaren sai na ji gwiwoyina sun zama ruwa. Shi ya wuce fiii, ni kuma na cire katakon na rungume su na dinga saukowa da mazaunai, yara 'yan shekara biyar suna wuce ni a layi bayan malaminsu kamar 'yan agwagi, wata ƙarama har ta tsaya ta tambaye ni ko lafiya. Wando ya jiƙe sharkaf. Da dare kuma idona ya kama, kamar an zuba mini yashi, hawaye kawai, kwana biyu ina ɗaki labule a sake. Ba wanda ya yi mini komai, kunyata ce ta yi mini.

Shi yasa nake ce maka kunyar nan tamu da ake yabon mu da ita, a gaban surukai ado ce, a kan dutse kuwa karaya take jawowa. Ka buɗe baki ka ce ban iya ba. Akwai makarantar koyon wasan a kusan kowane irin wannan gari a Faransa, ESF, malamansu jajayen kaya suke sawa ba za ka ɓata su ba, ka yi rajista tun kafin ku tashi, ko safiya uku ce ka biya. Su ne 'yan garin, su ne jagabanku. Aboki ba ya koya wa aboki wannan abin, minti goma zai gaji ya ce biyo ni kawai. Hanyoyin kuma launi gare su, kore na 'yan koyo, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi na gwanaye, kai da kore kuke har malam ya ce ka matsa. Kuma tikitin hawa kujerun nan, kar ka yarda a sa ka sayi na duka yankin, Val Thorens tana cikin abin da suke kira Kwaruruka Uku, hanyoyin zamiyarsu a haɗe sun kai kilomita 600, me ɗan koyo zai yi da su? Tikitin filin 'yan koyo ya ishe ka kwanakin farko. Abokanka da suka iya ma ka ja musu kunne, in suka tsallaka kwarin Méribel ko Courchevel suka shagala har aka rufe kujerun da yamma, dawowa sai ta titi a zagayo, kuɗin tasi kuwa sai ya cinye na cefanen sati.

Zaɓen garin dai sun yi daidai, wannan na yaba. In ance bazara kar ka ɗauka irin tamu ce ta zafin Afrilu da mangwaro, tasu lokacin narkewar ƙanƙara ce, garuruwan da ke ƙasa ƙasa a lokacin wasu sun fara zama taɓo da ciyawa, Val Thorens kuwa tana mita 2,300, babu garin wasan zamiya da ya fi ta bisa a Turai, shi yasa sukan kai farkon Mayu a buɗe. Don ka gane tsayin, Jos da muke kuka da sanyinta wajen mita 1,200 ce, Chappal Waddi kuma dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya mita 2,419 ne, kaga kusan a ƙololuwarsa za ka dinga kwana kenan, kujerun kuma su ɗaga mutum sama da mita 3,000. Ƙanƙarar Afrilu halinta daban: da sassafe ta daskare tauri kamar siminti, wajen hantsi zuwa azahar ta yi laushi mai daɗi, da yamma ta zama kamar kunun da ya sha ruwa, nauyi, tana riƙe ƙafa, lokacin ne gajiyayye ke murɗe gwiwa. In ka ji ka gaji ka sauka, kar ka ce bari in ƙara ɗaya. Wurin kuma ba bishiyoyi, ya wuce inda suke tsirowa, in hazo ya sauko sama da ƙasa duk fari ne ba ka gane gangare, ranar a zauna a ɗaki a sha shayi.

Rana kuma kar ka ce ni baƙi ne ɗan Sahel me ranar Turai za ta yi mini. Nima haka nace. A bisa dutse ta fi kaifi, sabuwar dusar kuma tana maido da mafi yawan hasken sama, wato ta sama da ta ƙasa take dukanka. Tabarau dole, man kare fata dole, har da na leɓe. Hular kwano ka haya tare da takalma. Kayan sanyi ka ara, kar ka kashe kuɗin makaranta a kan rigar sati guda.

Ga wata magana da abokanka ba za su sani ba sai mu. Akwai sikila a danginmu, kuma in ban manta ba kai AS ne. Yawanci mai AS lafiyarsa lau, amma a wuri mai bisa inda iska ta yi ƙaranci, ga wahala ga ƙishirwa, yakan taɓa saifa, ciwo ne mai tsanani a hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Kafin ka biya ko sisi ka ga likitan makaranta ka faɗa masa tsayin wurin, abin da ya ce shi za a bi. In an je, ranar farko a hankali, ruwa da yawa ko ba ka jin ƙishi, in ka ji wannan ciwon ba jarumta, lambar agajin gaggawa 112 ake kira. Ka kuma sayi inshorar da ake haɗawa da tikiti, don a Faransa in masu ceto suka sauko da kai daga kan hanyar zamiya kai za ka biya, kuma ba kuɗin wasa ba ne.

Su ma fa suna da al'adarsu a can, kuma baƙo ba ya zuwa da tasa tabarmar ya shimfiɗa a tsakar gidan mutane. Wanda ke gabanka a gangare shi ke da hanya, kai na baya kai za ka kauce masa tunda ba shi da ido a ƙeya. Ba a tsayawa a tsakiyar hanya ko bayan tudu inda ba a hango ka, a gefe ake tsayawa. In wani ya faɗi ya ji ciwo ba a wucewa. Igiya ko sandunan da suka kafa a bakin hanya ba ado ba ne, bayansu ba a gyara ba, kuma da bazara ƙanƙarar da ta jiƙe takan ɓalle daga gangare ta binne mutum, kullum suna liƙa matakin haɗarin daga 1 zuwa 5. Sai gaisuwa, in ka shiga shago ka ce bonjur kafin ka tambayi komai, a nan dai mu da su ɗaya ne, ba sa son wanda bai iya gaisuwa ba.

Abinci nan ma kunyar ce za ta so ta cuce ka. Girkin yankin Savoie, inda garin yake, cuku ne da dankali da alade. Tartiflette akwai yankakken naman alade a ciki, raclette da busasshen nama ake kawo ta yawancinsa alade, fondue kuwa da farar giya ake narka cukun, abin nan mai zafi da ake sayarwa a kofi yana ƙamshin kirfa shi ma giya ce aka dafa. Tunda gida za ku kama ku dinga girki, tun a Liyon ka faɗa musu abin da ba ka ci, ka sayo namanka na halal a can ka taho da shi, a dutse komai tsada ne. Kuɗin cefane karo-karo za a yi, ka ce kai ban da kuɗin kwalba, ka faɗa da fara'a tun ranar farko, magana ɗaya ce ta wuce. Kuma kar halin gida ya motsa ka ce bari in biya wa kowa, can kowa nasa yake biya ba wanda zai ga rowarka. In kana son ka yi musu karamci ka ɗauki dare ɗaya ka dafa musu dafa-duka, ka tafi da yajinka.

Salla ba ta da wuya. A hanya matafiyi ne kai ka yi kasaru, Liyon zuwa can ta wuce nisan da ake buƙata nesa ba kusa ba, amma a mazhabarmu ta Malikiyya tunda ka yi niyyar zaman kwana huɗu ko fiye toh da ka isa cikawa za ka yi. A Afrilu an riga an tura agogo gaba, azahar sai wajen ɗaya da rabi, daidai lokacin da ake dawowa cin abinci, kuma garin a kan ƙanƙarar yake, masauki ba nisa, ka shiga ka cire takalman nan masu kama da tukunya ka yi alwala da ruwan ɗumi. Alƙibla kudu maso gabas.

Tsaraba kuwa ba ka tambaya ba amma ina tuna maka, matafiyi ba ya dawowa hannu rabbana. Kar dai ka sayo wa mamanka cukunsu, na taɓa kawo wa kakarka irinsa ta shinshina ta ce a fitar mata da shi daga ɗaki. Cakulan ya isa, ka ajiye har ka zo hutu, da hoto ɗaya wanda kake tsaye ba a ƙasa ba.

Ka kira babanka tukuna, shi ba zai ja ba. Ita kuma ka bari sai Juma'a bayan la'asar, zan biya gidan da safe in ɗan share maka hanya, zan ba ta labarin wandon jins ɗin nan ta yi dariya. Ka turo mini abin da likita ya ce. Innarka na gaishe ka.