Gumaguman da ruwa ya tafi da su kafin a kai injin tsaga katako: asarar wa ce?

Tambaya: Malam, ina sana'ar katako a Kaduna. Na sayi gumagumai a kudu, na ɗauki hayar masu jirgi su ja su ta ruwa zuwa injin tsagawa, sai igiya ta tsinke a hanya, wasu suka ɓace. Asarar tawa ce, ko ta mai sayarwa, ko ta masu jirgin?

Amsa: Da sunan Allah. Ya ɗan'uwa, wannan hanya tsohuwa ce a garuruwa irin su Sapele da ke bakin kogin Ethiope, da Legas, inda ake ɗaure gumagumai jere-jere jirgi mai inji ya ja su, saboda sun fi ƙarfin hanyoyin daji kuma ruwa ya fi mota araha.

Abu na farko shi ne a duba ko ka karɓi kayan. A mazhabar Malikiyya, abin da ake sayarwa da awo ko ƙirge yana cikin lamunin mai sayarwa, wato idan ya salwanta asarar tasa ce, har sai an ƙirga wa mai saye. Idan an ƙirga maka su a bakin ruwa, ko wakilinka ya shafa musu alamarka da fenti, to sun zama naka, kuma babu abin da za ka bi mai sayarwa.

Game da masu jirgin kuwa, Ibn Abi Zaid ya faɗa a littafinsa Risala cewa babu lamuni a kan mai jirgi, kuma ba shi da kuɗin haya sai idan ya isar da kaya. Saboda haka amintattu ne, ba za su biya abin da ambaliya ko guguwa ta ƙwace ba, kai ma ba za ka biya hayar abin da bai iso ba. Sai dai idan sakaci ya tabbata, kamar ɗauri da ruɓaɓɓiyar igiya, ko barin itace mai nauyi shi kaɗai ba a haɗa shi da mai sauƙi wanda zai tallafe shi ba, to dole ne su biya. Masana sana'ar ne za su tantance hakan, ba zargin mai kaya ba.

Wanda ya tsinci gungume mai alama a gaɓa, tsintuwa ce a hannunsa, zai yi cigiyarsa shekara guda kamar yadda ya zo a hadisin Zaid bin Khalid.

Allah ne mafi sani.