Tambayoyinku Kan Motoci: Yaya injin 1.6 yake fitar da ƙarfin doki 1,063?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni bakanike ne a Panteka, Kaduna. Wani yarona ya nuno min bidiyon wata Marsandi a waya, wai ita AMG One, wai injinta 1.6 ne kacal amma ƙarfin dokinta ya haura dubu, kuma wai hayibirid ce, wato mai haɗa fetur da lantarki. Ni dai na san 1.6 a Golf 3, na san hayibirid a Prius, kuma duka biyun ba wacce aka sani da gudu. Don Allah gaskiya ne ko dai zancen 'yan intanet ne? In gaskiya ne daga ina ƙarfin yake fitowa?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Yaronka bai yi maka ƙarya ba, 1.6 ɗin ne, silinda shida, kuma ƙarfin dokinta 1,063. Guda 275 kawai aka ƙera a duk duniya, kowacce a kan wajen dala miliyan 2.7, kuma tun kafin a gama ƙera ta farko an riga an kama su duka.

Abin da ya sa lissafin ya ƙi zama maka shi ne kana auna ta da 1.6 ɗin da ka saba kwancewa, to wannan ba danginsu ɗaya ba, injin tseren Formula 1 ne aka ɗauko, irin wanda Lewis Hamilton ya ci gasa da shi, kuma a masana'antar Brixworth da ke Ingila inda ake haɗa na tseren nan ake haɗa shi. Golf ɗinka in ka taka mata totur har ƙasa da ƙyar allura za ta wuce 6,000, wannan kuwa yana juyawa har 11,000 a minti ɗaya, ka ga ƙaramin injin da yake ƙona mai kusan sau biyu a lokacin da naka ya ƙona sau ɗaya, ga turbo tana cusa masa iska da ƙarfin tsiya, ai dole ya haifar da abin da girmansa bai nuna ba. A irin wannan juyi sifirin ɗin ƙarfe ba ya iya mayar da bawul a kan lokaci, shi ya sa aka cire shi aka sa matsattsiyar iska take rufe bawul ɗin. Ba taimin bel ba taimin cen, haƙoran giya ne suke juya kamshaf guda huɗu. Shi injin fetur ɗin shi kaɗai doki 574 yake bayarwa.

Sauran kuma a nan hayibirid ɗin ya shigo. Injinan lantarki huɗu ne a jikinta. Ɗaya yana haɗe da karanshaf yana ƙara doki 163, biyu suna gaba kowace taya da nata, su ma 163 kowanne. Haɗa 574 da 163 sau uku za ka ga 1,063 cif. Na huɗun ba a sa shi a lissafi saboda ba taya yake juyawa ba, kuma ni a wajena shi ne abin da ya fi komai burgewa a motar nan. Yana zaune ne a kan sandar turbo. Ka san matsalar turbo, in ka taka totur sai ka ɗan jira hayaƙi ya taru kafin ta ɗauka, to shi wannan ba ya jiran hayaƙi, da kansa yake murza turbo ɗin har zuwa juyi 100,000 a minti, kana takawa tana amsawa. In kuma hayaƙin ya yi yawa sai ya juye ya koma janareto, ya mayar da zafin da a motocinmu yake fita ta salansa a banza ya zama wuta, ya tura batir ko ya ba wa sauran injinan kai tsaye. Birki ma haka, kana takawa injinan lantarkin gaban nan suna tara wuta. Da irin wannan dabarar Marsandi suka sanar a 2017 cewa injinsu na tsere ya haura kashi 50 cikin ɗari wajen mayar da mai ya zama ƙarfi, alhali ita kanta Prius da ake yabo wajen kashi 40 take tsayawa.

Don haka kar sunan hayibirid ya ruɗe ka Malam. A Prius an sa batir ne don tanki ya daɗe, a nan an sa shi ne don ya cike duk wani gurbi da injin fetur yake rauni. Batirin ma ƙarami ne, in da shi kaɗai za ka tafi kilomita 18 kawai zai kai ka.

Gudu kuwa ba a magana. Daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa sakan 2.9, zuwa 200 sakan 7, ƙarshen gudunta 352 a awa. Akwai motocin da suka fi ta a miƙaƙƙiyar hanya, amma inda ake gane mota shi ne kwana, kuma a filin Nürburgring na Jamus, zagaye mai kilomita 20.8 cike da kwana da hawa da gangara, direba Maro Engel ya zagaye da ita a minti 6 da sakan 29 a watan Satumban 2024, wato kusan 193 a awa ke nan in ka raba, har da kwanonin. Porsche 918 Spyder, ita ma hayibirid, da ta yi minti 6 da sakan 57 a 2013 duniya ta ɗauka an kai ƙarshe.

Amma tunda kai mai gyara ne bari in faɗa maka inda injiniyoyin suka sha wuya, don wallahi ba wajen gudu ba ne, wajen silo ne. Injin tsere silonsa wajen 5,000 yake, kuma kafin a tayar da shi sai taron ma'aikata da kwamfuta sun ɗumama shi, to yanzu an ce a mayar da shi wanda mutum ɗaya zai danna maɓalli da safe ya tashi, ya tsaya a goslo yana silo a wajen 1,200 ba rawa ba mutuwa, kuma hayaƙinsa ya tsallake dokar Turai. Wannan na cikin abin da ya sa motar da aka nuna a Frankfurt a 2017 da niyyar bayarwa a 2019 ba ta shiga hannun mai ita na farko ba sai Janairun 2023. Har yanzu in ka kunna ta da lantarki take fara tashi, sai an gasa abin tace hayaƙin nan da kuke kira indomi ya yi zafi sannan injin fetur ya kama. Kuma duk da haka a kilomita 50,000 sai an sauke injin an yi masa obahol. Wasu suna ganin wannan a matsayin aibi, ni kam ina ganin abin a jinjina musu ne, injin da aka yi shi don ya yi tsere kaɗan a ce ya kai haka a kan titi ba ƙaramin aiki ba ne.

TAMBAYA: Wata 'yar'uwa daga Maraɗi tana cewa, in mutum yana da kuɗin zai iya hawa irin waɗannan motoci a titunanmu kuwa?

AMSA: Hajiya, kuɗin ma ba su isa ba, don sabuwa kam ta ƙare sai dai a hannun wanda ya riga ya saya, kuma da wuya ya sake ta a farashin da ya biya. In ma an samu, cikinta dab yake da ƙasa, ramin farko ko tudun rage gudu zai iya fasa mata ƙirji, jikin nan kuma zaren kabon ne, ba ƙarfen da mai walda ko mai bugun fanel zai gyara ba. Fetur ɗinta mai lamba 98 ne wanda ba shi ake sayarwa a gidajen manmu ba, wutar batirinta kuma bolt 800 ce, duk wanda bai samu horo a kai ba ya sa hannu ransa ya sa a haɗari. Ko a Amurka ma ba a ba ta izinin hawa titi yadda ake ba sauran motoci ba, saboda kamfanin ya ce in ya gyara ta don ta bi dokar can ƙarfinta zai ragu, sai ya haƙura da kasuwar.