Amsa: tsohon ɓeran Masar da ya ƙi fitowa daga lungu

Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika karɓi ɓeran Masar ɗin nan da masu shi suka yasar. Kin ce ya kai shekara 5, kuma tun zuwansa yake maƙale a lungu. Wannan kada ya tayar miki da hankali, halinsu ne. Ki kifa masa kwali mai ƙofa biyu, ki riƙa zama kusa kina yi masa magana a hankali. Kada ki kawo hannu ta samansa, gani zai yi shaho ne ya kawo sura.

Inda zan fi ja miki kunne shi ne ci. Haƙoransu ba sa daina tsiro, don haka busasshiyar ciyawa kada ta yanke a gabansa. Jikinsu kuma ba ya samar da bitamin C, sai a abinci, yankan koren tattasai kullum yana taimakawa. In ya wuni bai ci ba, ko kashinsa ya ƙanƙance, ko haɓarsa ta jiƙe da miyau, ki kai shi wurin likitan dabbobi a ranar. Don Allah kada ki ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta na amoxicillin, yana iya kashe shi.

Asalinsu tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, ba sa jure zafi, sai ki zaɓa masa ɗaki mai iska. Ki shimfiɗa masa tawul mai laushi maimakon ragar waya saboda tafin ƙafarsa, ki kuma auna shi duk mako, don rama ce ke fara tona ciwonsu.