Daga ina kalmar "tombstone" ta samo asali?

Malam, ka tambayi asalin "tombstone", sunan da Turawa ke kiran dutsen kan kabari. Kalmomi biyu aka haɗa. "Stone" dutse ne, Ingilishi tsantsa. "Tomb" kuwa aro ce daga Faransanci, su ma sun gaje ta daga Latin "tumba", wadda ta fito daga Girkanci "tymbos", wato tudun ƙasar da ake tarawa kan mamaci.

Inda ake yawan kuskure, a da ba dutsen da ke tsaye ake nufi ba. Murfin akwatin gawa na dutse ake kira haka. Wanda ake kafawa a tsaye ta wajen da kan mamaci yake shi ne "headstone", daga baya aka cakuɗa su.

In bincike kake yi, duba babban ƙamus na Oxford, yana nuna shekarar da kowace ma'ana ta fara bayyana a rubuce.