Amsa ga 'yar'uwar da aka yi wa maigidanta canjin wurin aiki

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce maigidanki ɗan sandan kwantar da tarzoma ne, an mayar da shi wata runduna mai nisa, kina tambaya ko kotu za ta dakatar kamar yadda kika ji an yi a Kenya. Na daɗe ina aikin takardu a ofishin 'yan sanda kafin in yi ritaya, irin wannan kuka ya sha biyowa ta teburina.

Na Kenya daban ne. Gwamnatinsu ta yi alkawarin tura 'yan sanda 1,000 zuwa Haiti, sai ɗan adawa Ekuru Aukot ya kai ƙara. Ranar 26 ga Janairun 2024 Mai Shari'a Chacha Mwita ya ce majalisar tsaron Kenya ba ta da hurumin tura 'yan sanda waje, kuma babu yarjejeniyar da doka ta tanada tsakanin ƙasashen biyu. Kin ga hurumi aka duba, ba wahalar iyali ba. Ranar 1 ga Maris aka sa hannu kan yarjejeniyar a Nairobi, a watan Yuni rukunin farko ya sauka Haiti.

A nan gida Najeriya, rikicin ma'aikaci da hukumarsa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai shi. Amma alƙali ba ya saurin tsoma baki a canjin wurin aiki, sai an nuna wanda ya ba da umarnin ba shi da iko, ko an yi ne da mugun nufi. Tabbatar da wannan kuwa jan aiki ne.

Don Allah kada maigidanki ya ƙi zuwa. Na ga wani kofur da ya zauna gida yana jiran lauya, ga 'yarsa mai sikila, uzurinsa na gaskiya ne. Aka rubuta shi a wanda ya gudu daga aiki, albashi ya tsaya. Har yau abin na damuna.

Ya je ya kama aiki tukuna, sannan ya rubuta koke ta hannun kwamandansa, ya haɗa da takardar asibitin gwamnati in akwai larura. Ya adana kwafin takardar canjin da na koken, wanda aka buga wa hatimin karɓa. In an yi shiru, ya kai kuka Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda. Waɗannan takardun ne lauya zai fara nema ranar da kuka je wurinsa.