Tsohon da bai taɓa cin albashi ba, akwai fanshon da zai samu?

Tambaya: Mahaifina ya shafe kusan shekara arba'in yana dako a Kantin Kwari. Yanzu ƙarfi ya ƙare, ga ciwon gwiwa, ni da ƙanena muke riƙe da shi. Na ji an ce a wasu ƙasashe gwamnati na biyan irinsu kuɗi duk wata. Mu ma akwai haka? Daga mai karatu a Kurna, Kano.

Amsa: Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, ku kuma Ya yi muku albarka. Fansho irin wanda kake nufi, gwamnatin tarayya ba ta da shi. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, a kan albashi aka gina ta: a yanki na ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara nasa, a riƙa tarawa. Ɗan dako kuwa yana sauke dila ake danƙa masa ladansa, kafin magariba ya tafi a cefane. Daga ina za a yanka?

Abin da ka ji gaskiya ne, kuma ba sai ƙasa mai arziki ba. Lesotho tun 2004 take biyan tsofaffi 'yan shekara 70 zuwa sama, Zanzibar da ke Tanzaniya ta bi sahu a 2016. Daga baitulmali suke biya, ba wanda aka ce sai ya yi zubi tukuna. A ganina wannan hanyar ta fi, domin shekaru suna da wuyar murɗawa (ko da yake tsofaffinmu da yawa ba su da takardar haihuwa), amma da zarar an ce a rubuto sunayen talakawa, sai ka iske ɗan gidan kansila a sahun farko.

Najeriya ta ɗauki ɗaya hanyar, wato zaɓen gidaje mafi talauci. Shirin da aka fara a zamanin Buhari ya riƙa ba gida naira 5,000 a wata, har da kuɗin Abacha, dala miliyan 322 da Suwizalan ta dawo da su, aka zuba a ciki. Bayan cire tallafin mai a 2023 aka sanar da naira 25,000 na wata uku. Tallafi ne mai wa'adi, tsoho ba zai jingina da shi ba. Sunaye daga rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa ake ɗaukowa, jama'ar unguwa ke tantance su. Ba a sayar da fom. Duk wanda ya nemi kuɗin shigarwa ɗan damfara ne.

Ni da zan ba ka shawara, ku fara da lafiya, don ita ke cinye kuɗin gida. Ka je hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, ko asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku, ka tambayi gurbin marasa galihu, tsofaffi na cikinsu. Ka riƙe lambar NIN ɗinsa. Sannan ka sa mai unguwa ya san halin da yake ciki, saboda rajistar da kuma Hukumar Zakka da Hubusi.

Kai da ƙanenka kuma, in sana'ar hannu kuke yi, tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe fanshon masu zaman kansu. Ana zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako, kuma ana iya cire wani kaso in lalura ta taso.